Bashin Waya da Bashin Kasuwa: Wa Ke da Ikon Tilasta Biya?

Maganar da za mu duba a wannan mako ita ce maganar bashi da hanyar karɓarsa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya suka faɗa, gama da wuya a sami ɗan kasuwa daga Kantin Kwari har Dawanau wanda ba ya bin wani, ko kuwa wani ba ya binsa. Amma a 'yan shekarun nan wani irin bashi ya shigo ƙasarmu wanda iyayenmu ba su san shi ba, watau bashin da a ke ci ta wayar hannu, mai karɓa bai ga mai bayarwa ba, mai bayarwa kuma bai ga mai karɓa ba. Ya jawo kuka ƙwarai, har hukumomin Gwamnatin Tarayya suka tashi a kansa tun daga 2021. Ya kamata mu san yadda ya ke aiki, mu san abin da shari'a da dokar ƙasa suka ce game da shi, sa'an nan mu juyo mu dubi namu halin a kasuwa, domin akwai inda muka yi kama da waɗanda mu ke zargi.

Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, bashin kasuwa yana da abin da ya dogara a kai. Mai ba da kaya ya san wanda ya ba, ya san gidansu, ya san maigidansa. In bai san shi ba, sai dillali ko fatoma ya tsaya masa, lamuni ke nan, ko kuwa a ajiye jingina. In magana ta yi tsawo akwai shaidu, bayan shaidu kuma akwai alƙali. Malamai sun sani, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, ta yi umurni a rubuta shi da ajalinsa a kuma kafa shaidu, wadda ke biye da ita kuwa ta yi maganar jingina. Duk waɗannan an shimfiɗa su ne domin mai dukiya ya sami abin riƙewa ba tare da ya ci zarafin wanda ya ke bi ba.

To, mai ba da bashi ta waya ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Bai san mutumin ba, babu mai lamuni, babu jingina, kuma kuɗin ba su kai a ɗauki lauya dominsu ba. Alhali kuwa babu mai sakin dukiyarsa bai riƙe kome ba. Abin da da yawansu suka riƙe shi ne mutuncin mai karɓa. Ga yadda abin ya ke: sa'ad da mutum ya sa manhajar a wayarsa, sai ta nemi izinin duba lambobin mutanen da ya ajiye da hotunansa, shi kuwa don yana cikin matsuwa sai ya danna ya yarda, bai karanta ba. Daga wannan lokaci lambar surukinsa da ta limaminsu da ta abokan cinikinsa sun shiga hannun mutanen da bai sani ba. Ranar da ajali ya wuce, sai a fara aika wa waɗannan mutane saƙo, a ce wane ɓarawo ne, ko a ce ya sa sunanka a lamuni sai ka biya, har an sami inda aka haɗa hoton mutum da sanarwar mutuwarsa alhali yana raye.

Bari mu yi lissafi, domin 'yan kasuwa da lissafi su ke gane magana. A ƙaddara mutum ya nemi Naira 20,000 na kwana 7, aka cire 4,000 tun farko da sunan ladan aiki, aka tura masa 16,000, aka ce ya mayar da 20,000 ran bakwai. A idonsa kashi 20 cikin 100 ne. Amma abin da ya shiga hannunsa 16,000 ne, saboda haka 4,000 rubu'insa ne, watau kashi 25 cikin 100 a mako ɗaya. In aka bi wannan har mako 52, ya zama kashi 1,300 cikin 100 a shekara, tun ba a sa tarar jinkiri ba. Babu sana'ar halal, ko ta atamfa ko ta hatsi, da ke kawo irin wannan. Shi ya sa mai karɓa ya kan ci bashi a manhaja ta biyu don ya biya ta farko, ya ci a ta uku don ya biya ta biyu, har ya wayi gari ana binsa a wuri goma.

Hukuncin wannan a wajen malamanmu ba ɓoyayye ba ne. Rance da aka sharɗanta ƙari a cikinsa riba ce haramtacciya, ko an kira ƙarin ruwa, ko ladan aiki, muddin yana ƙaruwa da yawan kuɗin da tsawon kwanakin. Haka kuma a ce wa mutum a ƙara maka kwana ka ƙara kuɗi, wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya. Amma akwai mas'aloli uku da ya kamata a fayyace wa jama'a. Ta farko, uwar kuɗin da mutum ya karɓa tana wuyansa, haramcin ƙarin bai sauke ta ba, kuma zagin da aka yi masa bai zama biya ba. Ta biyu, lamuni alkawari ne da mutum ke ɗora wa kansa da bakinsa ko da hannunsa, saboda haka wanda aka tsinci lambarsa a wayar wani babu ko kwabo a kansa, a shari'a da dokar ƙasa duka. Har ma wanda ya yi lamunin da gaske, abin da Risalar Ibn Abi Zaid ta tafi a kai shi ne ba a binsa sai wanda ya ci bashin ya rasa abin biya ko ya ɓace. Ta uku, shari'a ta raba tsakanin mai hali da ke taurin bashi da wanda ya rasa. Na farko azzalumi ne, alƙali na iya tsare shi har ya biya. Na biyu kuwa aya ta 280 cikin Baƙara ta ce a jinkirta masa har ya samu. Wanda ba a san halinsa ba alƙali ne ke bincike. Ko ta wace fuska aka duba, tilastawa aikin alƙali ne, ba a bar wa mai bin bashi ya yanke wa kansa hukunci ba.

Dokar ƙasa kuwa ta bambanta da shari'a a wuri ɗaya, ta dace da ita a wani. Ba ta hana ruwa ba, don haka wanda ya sa hannu a kan ruwa kada ya zaci kotun Gwamnati za ta yafe masa don ya ce haramun ne. Amma ta hana tozarci. Tsarin Mulki na 1999 ya kare mutuncin ɗan ƙasa a sashe na 34, ya kare sirrinsa da na wayarsa a sashe na 37. A watan Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin masu cin bashinsa. Hukumar kare haƙƙin masu saye, watau FCCPC, wadda aka kafa da dokar 2018 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kai samame ofisoshin wasu masu wannan sana'a a Ikeja ta Ikko a watan Maris 2022, sa'an nan a watan Agusta na shekarar ta ce kowane mai ba da bashi ta waya sai ya yi rajista da ita. Kamfanin Google, wanda ta kasuwarsa yawancin mutane ke samun manhajoji, ya hana manhajar bashi duba lambobi da hotuna daga ƙarshen watan Mayu 2023. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. A 2025 kuma FCCPC ta fito da ƙa'idoji masu tsanani, inda ta tanadi tara har Naira miliyan 100 ko kashi 1 cikin 100 na cinikin kamfani, da hana daraktansa riƙe irin wannan muƙami har shekara 5.

Mai karatu zai ce, in dokoki sun yi yawa haka, me ya sa kukan bai ƙare ba? Dalilai uku mu ke gani. Na farko, rufe manhaja ba kamar rufe kanti ba ne. A kore ta yau, gobe ta sake suna ta dawo, ko kuwa a riƙa aika ta kai tsaye ta saƙon waya, ba ta bi ta kasuwar Google ba balle ƙa'idarta ta kama ta. Na biyu, wanda aka tozarta kunya ta kan hana shi kai ƙara, musamman a ƙasarmu inda cin bashi da ruwa abin ɓoyewa ne, sai ya gwammace ya sayar da akuyar matarsa a rufe maganar. Da wannan kunyar su ke ciniki. Na uku, kuma shi ne babba, bukata ba ta ragu ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 tsadar kaya ta hau, har lissafin Gwamnati ya nuna ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Mai tebur da mai shayi da malamin makaranta ba su da takardar gida da za su kai banki, maƙwabcin da zai ranta musu shi ma yana nema. Muddin babu wata ƙofa a buɗe, doka za ta rage ɓarna, amma mutane ba za su daina zuwa inda a ke ba su kuɗi cikin minti biyar ba.

Yanzu sai mu juyo kanmu. Abin da masu manhaja ke yi da waya, wasu daga cikinmu suna yinsa da ɗan sanda. Mutum ya ba wani kaya bashi, ajali ya wuce, maimakon ya nufi alƙali sai ya nufi caji ofis, a kamo mutumin a gaban rumfarsa, a tsare shi har danginsa su haɗo kuɗi. In ba a same shi ba a kama ƙanensa ko yaron shagonsa. Ku sani wannan ya saɓa wa doka ƙarara. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ce a sashe na 8 ba a kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai, a sashe na 7 kuma ta hana kama wani a madadin wani. Jihar Kaduna ta yi irin wannan doka a 2017, Kano a 2019, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita hanin. Kotun Ƙoli ma ta faɗa a 2018, cikin wata shari'a da ta shafi bankin Diamond da wani mai hulɗa da shi, cewa hukumar EFCC ba ma'aikatar karɓar bashi ba ce. Wanda aka tsare ta wannan hanya yana da ikon kai ƙara babbar kotu a kan tauye haƙƙinsa, kuma kotuna sun sha ɗora diyya a kan 'yan sandan da wanda ya kai su tare. Sai ka ga mai bin Naira 300,000 ya koma shi a ke bi.

Amma a lura, bashi dabam, zamba dabam. Wanda ya karɓi kaya da sunan ƙarya, ko ya nuna gidan da ba nasa ba ya ce jingina ne, ko aka ba shi amana ya sayar ya cinye, wannan laifi ne, kuma aikin 'yan sanda ne. Haka wanda ya ba da ceki yana sane babu kuɗi a asusunsa, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2. Abin dubawa shi ne niyyar mutum ranar da ya karɓa. Wanda ya karɓa da niyyar biya, kasuwa ta juya masa baya ko gobara ta cinye rumfarsa, ba ɓarawo ba ne, kuma wanda ya kira shi ɓarawo a gaban hukuma don a matsa masa ya yi shaidar zur.

Hanyar da ta dace a buɗe ta ke. Tsakanin Musulmi akwai kotunan shari'a a jihohin da ke da su. Akwai kuma kotun ƙananan basussuka, wadda Ikko ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019. Sa'ad da aka buɗe ta an ƙayyade mata bashin da bai wuce Naira miliyan 5 ba, an ce a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba, sai dai ya fara aika wa wanda ya ke bi takardar neman biya. Amma ko wace kotu aka je, hujja za a tambaya. A mazhabarmu ta Maliku dukiya tana tabbata da shaidu biyu maza, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Mafi yawan haƙƙin da ke salwanta a kasuwanninmu ta nan ya ke salwanta, domin an ba da kayan miliyoyi a kan "Allah ya kai mu bayan Salla", babu takarda, babu ranar biya, babu wanda ya ji. Wasu suna ganin rubutu rashin yarda ne. Ai Wanda ya yi umurni da rubutun ya fi mu sanin darajar amana. Ko da Ajami aka rubuta ya isa, in an sa sunaye da adadi da ranar biya da hannun shaidu biyu, kuma rasidin tura kuɗi ta banki da saƙon da mutum ya amsa bashi a cikinsa duk a adana su.

Akwai wasu mas'aloli biyu da 'yan kasuwa ke yawan tambaya. Ta ɗaya, in wanda ka ba kaya ya karye, masu binsa suka taru, ka tarad da kayanka suna nan yadda ka ba shi, to a mazhabar Maliku kana da zaɓi, ko ka ɗauki abinka ko ka shiga rabo da sauran. Amma in mutuwa ya yi, kai da sauran masu bi daidai ku ke, kowa ya sami gwargwadon abin da ya ke bi. Ta biyu, bashin mamaci daga dukiyar da ya bari a ke biyansa, bayan an yi masa sutura, kafin wasiyya da gado. In dukiyar ba ta kai ba, ba a tilasta wa 'ya'yansa ko matarsa su cika daga aljihunsu, sai wanda ya yi lamuni ko ya ga dama don jin ƙan mahaifinsa. Masu zuwa gidan makoki suna tsorata marayu su kiyaye wannan.

Masu cin bashin banki kuma su san cewa zamanin gudu daga wannan banki zuwa wancan ya wuce. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014 asusun mutum duka a ɗaure su ke da lamba ɗaya, kuma daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna izinin cire bashin da ya wuce ajali daga asusun mutum da ke wani banki, bisa takardar yarda da ya sa wa hannu ranar karɓa. Sai dai ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai za a cire ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Wanda ya ga an wuce haka ya rubuta wa bankinsa, in ba a share masa hawaye ba ya kai kuka sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Saura abin yi. Wanda ya riga ya faɗa hannun masu manhaja kada ya ci sabon bashi don biyan tsoho. Ya riga su gaya wa iyalinsa da maigidansa, gama asirin da ka tona da kanka ba a yi maka barazana da shi. Ya ajiye saƙonnin zagin da lambobin da aka kira shi da su, ya kai wa FCCPC da hukumar kare bayanai, ya kuma tsaya a kan mayar da abin da ya karɓa. Wanda aka aiko wa saƙo a kan wani kada ya yaɗa, kada kuma ya biya don tsoro. Shugabannin kasuwa su sa a riƙa rubuta bashi a rumfuna kamar yadda a ke rubuta adashi, su kuma hana 'yan ƙungiyarsu kai juna caji ofis kafin a zauna sulhu.

Mu kuma malamai, faɗin haramcin riba bai isa ba in ba mu nuna wa matsattse inda zai je ba. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da a ke ba zakka, amma da wuya ka ji attajiri ya fitar da zakkarsa ya nemi mai bashi ya sauke masa. Da kowane masallacin Juma'a da kowace ƙungiyar kasuwa za su ware wani abu domin rance marar ruwa, a rubuce, da mai lamuni, da ranar biya, da mutum bai kai lambar surukinsa jingina saboda Naira 16,000 ba. Wannan aiki ba ya jiran Abuja, limami da sarkin kasuwa da attajirai biyar sun isa su fara shi a unguwarsu.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya ba masu bi haƙuri da adalci, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Haza wasalam.